An ce ya mutu alhali yana raye: dole ne Baba ya fito ya nuna kansa?

Malam Isuhu (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum jama'a. Na goge hotuna da saƙon murya da aka turo nan tun daren jiya game da tsohon mawaƙinmu na kalangu na nan Maradi, masu cewa ya rasu. Baba yana raye. Yana kwance asibiti, wannan gaskiya ne, amma da safen nan babban ɗansa ya shaida mini da bakinsa cewa ya yi sallar asuba a zaune, ya kuma sha kunu. Iyalin sun roƙi abu guda, a daina rubuta sunansa kusa da kalmar rasuwa ko da don ƙaryatawa ne, saboda duk wanda ya nemi sunan a Facebook yanzu abin da ke fara fito masa ke nan. Saboda haka a nan mu ce Baba kawai, kowa ya san wanda ake nufi. Wanda ya sake turo hoton nan mai baƙin ƙyalle a kusurwa zan fitar da shi daga zaure.

Hadiza Bagalam:
Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi, Allah shi ba shi lahiya. Innarmu ba ta runtsa ba jiya, shi ya yi waƙa ranar ɗaurin aurenta. Yanzu zan je in kwantar mata da hankali.

Lawali Ɗan Zariya:
Mun gode Malam. Amma ni ina da magana, kuma kada a ɗauka da zafi. Tun jiya ake cewa ɗansa ya ce, ƙanensa ya ce, maƙwabci ya ce. Me zai hana a ɗauki bidiyo na rabin minti, Baba ya ɗaga hannu ya ce jama'a ina nan? Shi ke nan magana ta mutu. Gani ya kori ji. Muddin ba a gan shi ba, mutanen Katsina da Kano da 'yan uwanmu da ke Agadas da Libiya ba za su yarda ba, za su ce ɓoyewa ake yi.

Sanusi Kabu-kabu:
Gaskiyar Lawali. A fadarmu ma abin da ake ta faɗi ke nan tun safe.

Ma'azu Makaɗi:
Yaya Lawali, ni ina cikin masu riƙe wa Baba kalangu, mahaifina ma bayansa ya yi kiɗa har ya tsufa. Bari in gaya maka yadda daren jiya ya kasance, sannan ka sake duba maganar bidiyo.

Bayan isha'i kaɗan wayar Hajiya uwargida ta fara ƙara. Na farko da ya kira bai ma yi sallama ba, sai "ya haƙuri". Ita kuwa daga asibitin ta dawo, ta bar shi yana barci, ta zo ɗaukar bargo. Da ta ji haka sai ƙafafunta suka kasa ɗaukarta, ta zauna a tsakar gida ƙasa, don ta ɗauka bayan fitowarta ne abin ya faru. Sai da aka kira wanda ke jinya ya kara wa Baba wayar a baki ta ji numfashinsa da muryarsa tukuna ta iya tashi. Kafin goma na dare ƙofar gida ta cika. Wasu dattawa har sun sa an fito da tabarmi. Wata 'yarsa da ke aure a Yamai ta sayi tikitin motar asuba, tafiyar sama da kilomita 600, da jariri a baya, an yi ta kiranta layi ba ya shiga saboda ita ma wayarta cike take da masu ta'aziyya.

Da safe kuma muka tarar da samari uku a bakin ɗakin da yake kwance, kowa da waya a ɗage. Ɗaya ya ce shi jikan abokinsa ne. Ya tura ƙofa, Baba na kwance ba riga, ana yi masa ƙarin ruwa, hularsa a gefe. Mutumin da ban taɓa ganinsa ba rawani ko hula a gaban jama'a ba tun ina yaro. Na riƙe hannun yaron nan na fitar da shi, yana ce mini wai taimakonmu zai yi, zai ƙaryata labarin a shafinsa. Baba bai ce komai ba, ya dai jawo zane ya rufe ƙirjinsa ya juya fuska bango.

To wannan ne kake so a ɗauka a nuna wa Kano?

Lawali Ɗan Zariya:
Subhanallahi. A'a Ma'azu, ba haka nake nufi ba, wannan rashin tarbiyya ne. Ina nufin ku na gida ku sa masa riga da hula, ku gyara shi, ku ɗauka da kanku. Akwai bambanci.

Habsatu (ma'aikaciyar jinya):
Lawali, akwai bambanci amma ba mai yawa ba. Ba a asibitin da yake nake aiki ba, kuma ko da a can nake ba zan faɗi abin da ke damunsa ba, wannan amana ce ta aikinmu. Amma na san abin da ake nufi da "a gyara shi". Dattijon da ya kwana yana jin jiki za a tayar da shi zaune, a cusa masa hannu mai allura cikin babbar riga, a ce ya yi murmushi, a sake ɗauka sau biyu sau uku don muryar ba ta fito ba. Sannan me zai biyo baya? Masu cewa ya mutu za su koma cewa dubi yadda ya rame, dubi bakinsa, wannan ai shanyewar ɓarin jiki ne, wannan ai sammu ne. Kowa ya zama likita a ƙarƙashin bidiyon. Kuma wannan hoton na ramewa shi za su ajiye, ranar da Allah Ya yi ikonSa da gaske shi za su fitar, ba hotonsa na kan dandali ba.

Marar lafiya yana da haƙƙin a rufa masa asiri, ko sananne ne ko ba sananne ba.

Alhaji Sha'aibu Mai Goro:
Ɗiyata Habsatu, Allah shi yi miki albarka. Ni abin da ke ba ni tsoro ga wanga al'amari shi ne yadda muke binne mamatanmu. Wurinmu mutum in ya cika da dare, kahin azahar an kai shi makwancinsa. Saboda haka wanda ya ji labarin mutuwa ba shi da lokacin zama bincike, tashi yake ya kama hanya don kada jana'iza ta wuce shi. Da can wannan gaggawar ba ta cutar da kowa, don labarin ta hanya sananniya yake zuwa. A aiko yaro daga gidan, ko liman ya faɗa bayan salla, ko a kai sanarwa gidan rediyo da sunan wanda ya kawo ta da lokacin da za a yi sutura. In ƙarya ce an san wanda za a kama. Yanzu yaron da ko gemu bai tsiro ba, shina kwance ɗakinsa, ya rubuta Inna lillahi ya tayar da gari guda. Jiya na san mutum biyu da suka taso daga Tibiri cikin dare bisa babur. Da wani abu ya same su a hanya, jininsu na wuyan wa?

Nana Mariama:
Wallahi Baba Alhaji ka faɗi abin da ke raina. Mu da muke nesa da gida mun fi kowa shan wahalar wannan.

Sanusi Kabu-kabu:
Ni fa ina da wata tambaya. Ba a ce wanda aka yi wa ƙaryar mutuwa tsawon rai zai yi ba? Kuma tun jiya duk inda na bi waƙoƙinsa ake sa wa, har yaran da ba su san shi ba suna tambaya. Wasu mawaƙan zamani ma ana zargin su ne ke kunna irin wannan da kansu in za su fitar da sabuwar waƙa. Ba na cewa Baba ya yi, Allah Ya kiyaye. Amma ba dukansa ne asara ba.

Ma'azu Makaɗi:
Sanusi, waƙar da ake sa wa a shagon caji da cikin adaidaita ko dala ba ta kawo masa. A katin waya ake tura ta, mai shago ne ke karɓar kuɗin turawa. Abincin Baba da namu a wurin biki yake, da suna, da naɗin sarauta, da hawan salla. Akwai bikin da aka ba mu kafin alƙalami na wata mai kamawa. Jiya da dare mai bikin ya kira wani mawaƙi ya ba shi, da safe ya aiko a mayar masa da jikka hamsin ɗinsa, kuma kuɗin nan sun riga sun shiga magani. Ko da ya ji Baba na raye cewa ya yi ba zai iya dogara da wanda ake cewa yau ko gobe ba. Mu tara ne a bayansa, makaɗa da 'yan amshi, kowa da iyali. Ka ga tsawon ran da ƙarya ta ba mu.

Sanusi Kabu-kabu:
Allah Sarki. Allah Ya mayar da alheri.

Abdu Ɗan Jarida:
Jama'a, tun safe nake karantawa, kuma na ga a wasu wurare ana ta zagin 'yan jarida gaba ɗaya. Ina so a raba. Wanda ya fara yaɗa wannan labarin ba ɗan jarida ba ne, shafi ne marar suna marar adireshi. Irin waɗannan shafukan abin da suke nema mabiya. Labarin mutuwar sananne shi ya fi komai gudu, domin Bahaushe ba zai ga an ce wane ya rasu ya wuce bai rubuta Allah Ya jiƙansa ba, kuma kowace addu'a da aka rubuta tana ƙara tura labarin gaban wasu. Tausayinmu ne jarinsu. In shafi ya tara mabiya sai a fara karɓar talla, ko a sayar da shi ga ɗan siyasa ko mai maganin gargajiya a canza masa suna. In an gano ƙarya ce ba sa gogewa, sai su sake wani rubutun cewa ashe yana raye, su ci riba sau biyu.

Amma ba zan wanke namu duka ba. Akwai masu katin aikin jarida da suka je ƙofar gidan da makirufo suna tambayar matan gida yaya suke ji. Wannan ba aiki ba ne. Aikin shi ne ka kira babban ɗa ko wanda iyali suka wakilta, ya ce yana raye, ka faɗa wa jama'a da sunan wanda ya gaya maka, ka tsaya nan. Wane ciwo ne, ƙafa ce ko zuciya, ba naka ba ne sai in shi ya ga dama.

Game da bidiyo kuma, Lawali, tarihi bai goyi bayanka sosai ba. A 2017 da marigayi Muhammadu Buhari ya daɗe yana jinya a Landan an yi ta cewa ya rasu. An nuna hotuna, ya dawo gida da ƙafarsa, sai aka koma cewa ba shi ba ne, wani Jubril ne daga Sudan. Har sai da ya tsaya a Poland a watan Disamba na 2018 yana cewa shi ne da kansa, kuma wasu ba su yarda ba. A Turai ma, a 1969 an yaɗa cewa mawaƙin Ingila Paul McCartney ya mutu an sa wani a madadinsa, 'yan jarida suka bi shi har gonarsa a Scotland. Ya yi magana da su, aka buga hotonsa, ya ci gaba da waƙa sama da shekara 50, kuma har yau akwai masu riƙe da zancen. Yanzu kuwa da ake haɗa murya da fuska da kwamfuta, kana sakin bidiyo za a ce haɗi ne.

Lawali Ɗan Zariya:
Na ji wannan. Amma Buhari shugaban ƙasa ne, jama'a na da haƙƙin sanin halin da yake ciki. Kuma ina ganin mawaƙi ma yana da wani abu makamancin haka a wuyansa. Mu muka ɗaukaka shi, kuɗinmu muka liƙa masa, a bikinmu ya yi suna. Ba zai ce yau ba ruwanmu ba. Sannan mu faɗi gaskiya, sana'ar mawaƙan gargajiya ai ta shiga sha'anin mutane ce. Zambo da habaici su suka iya. Mutum nawa aka sa a waƙa ba da izininsa ba, aka yi ta yi masa dariya a kasuwa?

Hajiya Rabi Mokoyo:
Lawali ɗana, tsaya nan. Kuɗin da ka liƙa masa na waƙa ne, kuma ya yi maka waƙar, ba ya bin ka ba ka bin shi. Ba ka sayi gadon jinyarsa ba. Shugaban ƙasa riƙon jama'a ke hannunsa, in ya kwanta aiki ya tsaya, shi ya sa ake tambaya. Baba mi ya riƙe muku banda kalangu?

Zancen zambo kuwa, ni na girma ina jin su Shata da Ɗanƙwairo, na san abin da kake faɗi. Amma mawaƙi in zai yi maka habaici a fili yake tsayawa, ga fuskarsa ga makaɗansa, kowa ya san bakin da ya faɗa. Kana iya aika masa, kana iya kai ƙararsa wurin sarki, kana iya sa wani mawaƙin ya rama maka. Wanda ya kashe Baba jiya waye shi? Ɗan wane gida ne? Ku nuna mini shi in je in gaishe da uwarsa in tambaye ta ko haka ta koya masa.

Kuma ku tuna, ranar da ta gaskiya ta zo ba a buƙatar mai shafi. Shata ya rasu a 1999 aka kai shi Daura, babu Facebook babu WhatsApp, amma kafin dare Maradi duk ta ji. Ɗan Maraya Jos a 2015. Tamu Hamsu Garba, haihuwar garin nan, da ta rasu a Yamai a watan Disamba na 2022, wa ya kwana bai ji ba? Mutuwa ba ta ɓuya. To gaggawar mi ake yi?

Hadiza Bagalam:
Hajiya kin gama magana wallahi.

Malam Habibu Limanci:
Ina so in ƙara abin da addini ya ce, a taƙaice, don kowa ya san inda yake tsaye. A Suratul Hujurat aya ta 6 an umarce mu da mu bincika in fasiƙi ya zo da labari, kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A aya ta 12 an hana bin diddigin asirin mutane. A Suratun Nur aya ta 27 an hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, kuma aya ta gaba ta ce in an ce ku koma to ku koma. Ɗakin marar lafiya ya fi cancanta da wannan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Saboda haka mai turawa ba zai fake da cewa shi ma turo masa aka yi ba. Rubuta "Allah Ya sa ba gaskiya ba ne" a saman hoton sannan ka tura shi zaure goma bai canza komai ba, ka dai yaɗa.

Wani zai ce ai mawaƙi ne. Na ga an rubuta haka a wani wuri, har ana tattauna makomarsa a lahira mutum yana kwance yana numfashi. Wannan ya fi ƙaryar mutuwar muni a wurina. Malamai sun yi saɓani kan kiɗa, amma ba su yi saɓani kan haramcin keta mutuncin Musulmi ba.

Nana Mariama:
Allah Ya saka da alheri Malam. Ni misalin da nake so in kawo na Céline Dion ne, tunda da yawanmu mun san ta. A watan Disamba na 2022 ita da kanta ta fito ta faɗi ciwon da ke damunta, na sandarewar jijiyoyi, a lokacin da ta zaɓa, da kalmomin da ta zaɓa. Ta janye daga idon jama'a, ta ɗauki lokacinta, sai ga ta a bikin buɗe wasannin Olamfik na Paris a watan Yuli na 2024 tana waƙa. Ba na cewa kada Baba ya taɓa magana. Ina cewa shi zai zaɓi rana, ba maƙaryaci zai zaɓar masa ba. In aka saba duk wanda aka yi wa ƙarya sai ya tashi daga gadon asibiti ya kare kansa, to masu shafukan nan sun samu hanya. Duk wanda suke son ganin fuskarsa sai su ce ya mutu.

Jamilu (ɗalibin shari'a):
A ɓangaren doka, Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, sannan a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi, har da yaɗa bayanan da ke iya tayar da hankalin jama'a. Iyali na iya kai ƙara. Abin da ake buƙata shi ne hoton rubutun na farko da sunan shafin da ranar da aka sa shi, kafin su goge. Matsalar ita ce in mai shafin yana ƙetaren iyaka, abin zai yi wuya.

Abdu Ɗan Jarida:
Jamilu, a yi hattara da wannan dokar. Mu 'yan jarida mun san ta, kuma mun san ba maƙaryata kaɗai take kamawa ba. Ba na son mu riƙa kiran a ɗaure mutane kan rubutu, gobe kan mai faɗin gaskiya za ta faɗa. Na fi son a tilasta wa shafin ya goge ya nemi gafara a fili, kuma ya biya asarar da ya jawo, kamar kuɗin bikin nan da Ma'azu ya faɗa.

Jamilu (ɗalibin shari'a):
Wa zai tilasta masa in ba kotu ba, Yaya Abdu?

Ma'azu Makaɗi:
Yanzu na fito daga wurinsa. Babban ɗansa ya karanta masa wasu daga cikin maganganunku, har da na Yaya Lawali. Ya ce a gode wa kowa. Bidiyo dai ya ce ba zai yi ba, wanda ke son ganinsa ya jira shi ya tashi ya gan shi a tsaye. Ya yarda a kai sanarwa gidajen rediyo da yamma da sunan ɗansa, cewa yana raye yana samun sauƙi, iyali na neman addu'a kuma a dakata da zuwa dubiya sai an sallame shi. Maganar ƙara ya ce a bari tukuna, 'ya'yansa kuma ba su yarda da shi a kan wannan ba, suna ta magana a waje.

Lawali Ɗan Zariya:
To shi ke nan, tunda shi ya faɗa da bakinsa na bi. Har yanzu ina ganin sanarwar rediyo ba za ta kai ga yaran TikTok ba, su ba sa jin rediyo. In an karanta ta wani ya naɗo muryar ya turo nan, ni zan aika wa mutanenmu na Katsina da Jibiya. Ma'azu, ka ba Malam Isuhu lambar da za a tura wa makaɗa ɗan abin da ya samu, ni zan fara da jikka biyar.

Hajiya Rabi Mokoyo:
Ku sa ni ciki. Kuma a gaya wa ɗiyar tasa ta Yamai in ta iso ta sauka gidana da jaririn, gidansu ya yi cika da yawa.

Malam Isuhu (mai kula da zaure):
Madalla. Gudummawa ta biyo ta wurina a keɓe, zan rubuta sunan kowa da abin da ya bayar in miƙa wa Ma'azu ranar Juma'a bayan masallaci. Masu hoton rubutun farko na shafin nan su tura wa Jamilu kai tsaye ya ajiye, ko iyalin za su nema daga baya, kada a sa shi a nan.